Taikwando wasa ne, ku daina sayar mana da shi kamar laya

Akwai wata talla da ke yawo a wayoyinmu, daga wannan gurup na WhatsApp zuwa wancan. Hoton saurayi ne da fararen kaya da baƙin bel, ƙafa ɗaya ta wuce kansa, a ƙasa an rubuta cewa ka zo ka koyi taikwando don ka kare kanka da iyalinka. Wani lokaci ƴan mata ake nufi da ita, a ce musu cikin ƴan watanni babu namijin da zai sake tare su a hanya. Ina son taikwando, ina kuma ganin girman yawancin metir ɗin da ke koyar da shi, domin ba kuɗin kirki suke samu ba. Amma wannan kalma ta "kare kai" da ake liƙa masa ƙarya ce, irin ƙaryar da ke iya kai mutum kabari. Duk wanda ya dubi yaron Shetimari ko na Diffa ya ce masa shuri zai tsare shi daga abin da ke kashe mutane a bakin Komadugu, bai da bambanci da bokan da ke sayar da maganin bindiga. Boka ma ya fi shi, don shi aƙalla an san sana'arsa.

Bari in fara ba wasan haƙƙinsa, kada wani ya ce baƙin ciki nake. Daga 1972, lokacin da Isaka Dabore ya kawo lambar tagulla ta damben boksin daga Munik, Nijar ta yi shekara 44 ba ta sake hawa dandamalin Olamfik ba. Taikwando ne ya share mana wannan hawaye. A watan Agustan 2016, a Riyo, Abdul Razak Isufu Alfaga ya kai wasan ƙarshe na masu nauyin sama da kilo 80, Radik Isayeb na Azarbaijan ya doke shi, ya dawo mana da azurfa. Shekara ɗaya bayan haka, a garin Muju na Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya. Yaran da a yau ke harba ƙafa sama a tsakar gida suna cewa su ne Alfaga, da gaskiyarsu. Ƙasa tana buƙatar irin wannan mafarki.

To amma me Alfaga ya ci? Wasa ya ci, mai dokoki, mai alƙali, mai agogo. Ku zauna ku karanta dokokin kafin ku yi mini gardama. A taikwandon da ake yi a Olamfik, naushi a ƙirji maki ɗaya ne, shuri a ƙirji maki biyu, shuri a kai maki uku, in kuma ka juya jiki kafin ka harba sai a ƙara maka. Naushi a fuska haramun ne. Riƙe abokin karawa haramun ne. Dukan ƙasa da ƙugu haramun ne. In mutum ya faɗi ba a bin sa. Kuna sanye da sulke mai na'ura da ke ƙirga dukan, da hular kare kai, da robar kare haƙora, a kan shimfiɗa mai laushi, kuma an auna ku a sikeli don kada a haɗa ƙato da ɗan tsurut. Yanzu ka ɗauki wannan jerin ka juya shi, ka sami hoton faɗan titi sak. Wanda ya tare ka bayan isha a fuska zai fara naushinka. Zai cakumi wuyan rigarka. Zai share maka ƙafa. In ka faɗi, a nan aikinsa ke farawa. Bai hau sikeli ba, kuma da wuya ya zo shi kaɗai.

Jiki abin da ya saba yake yi. Yaron da ya yi shekara uku yana karawa inda ba a naushin fuska, hannuwansa ƙasa suke zama, don a can ne yake tare maki. Ku kalli kowace gasa ku gani: hannuwa a saki, ƙafar gaba na lilo a sama kamar ta zalɓe. Dabara ce mai kyau ta neman maki, ba aibu ba ne. Amma ranar da tsoro ya kama shi a lungu, jikinsa ba zai tsaya ya tuna cewa yau babu alƙali ba. Zai ɗaga ƙafa zuwa kai, cikin yashinmu na Diffa da ke cinye sawu, da silifas a ƙafa, da dogon wando ko jallabiya, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya a gaban mutumin da abin da yake jira ke nan. Alfaga ya haura mita biyu a tsawo, ƙafarsa kan isa inda hannun wani bai isa ba. Kai fa?

Na san amsar da metir za su ba ni, don na sha jin ta. Za su ce wannan taikwandon gasa ne, na asali daban yake, yana da darasin kuɓuta daga riƙo da ƙwace makami, har ma sojojin Koriya na koyon sa. Gaskiya ne akwai waɗannan darussa, kuma gaskiya ne wanda ya yi fice wajen raɗa wa wasan wannan suna a 1955, Coi Hong Hi, janar ne na soja. Amma sojan Koriya bindigarsa yake ɗauka in ya fita aiki, ba bel ɗinsa ba. Darasin ƙwace wuƙa kuwa, ku je ku kalli yadda ake yin sa. Abokinka ya miƙo wuƙar roba sau ɗaya, a hankali, ya tsaya cak kamar gunki yana jiran ka murɗe masa hannu. Wannan rawa ce, ba faɗa ba. Mai wuƙar gaske ba ya nuna ta sai ta shiga, yana riƙe ka da hannu ɗaya yana suka da ɗayan, sau biyar, sau goma, kafin ka gama tuna darasi na farko. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yaron da bai san komai ba, in ya ga wuƙa sai ya miƙa waya ya ruga. Yaron da aka ce masa ya iya, shi ne zai tsaya. Wane ne cikinsu zai kwana a gidan ubansa?

A nan ne samarin fada ke tsoma baki, kowa da gwaninsa, shayi na tafasa ana ta musu har dare ya raba. Wannan ya ce boksin, wancan ya ce judo, wani ya ce karate, wanda ya fi kowa kallon bidiyo ya ce ai jujitsun Barazil ya gama magana. In dai faɗan hannu da hannu ake nufi, mutum ɗaya da mutum ɗaya, to ni ma ina da ra'ayi, kuma taikwando ba ya sama a wurina. Ɗan boksin ya san zafin naushi a hanci, ya saba rufe fuska, wannan kaɗai ya ba shi rata. Ɗan judo, wasan da Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882 (sunan mutumin ke nan, ba ruwansa da Kanon Dabo), ya iya abu biyu masu amfani a ƙasar da kowa ke sa manyan kaya: ya san yadda ake sarrafa mutum ta rigarsa, ya kuma san yadda ake faɗuwa ba a fasa kai ba. Jujitsu kuwa ya yi suna ne tun 1993, a gasar UFC ta farko a Amurka, inda Royce Gracie, wanda ba shi ne ƙato a cikinsu ba, ya riƙa kai manya ƙasa yana shaƙe su har su sallama. Amma a cikin keji aka yi, mutum biyu rak. Ka kwanta ƙasa kana murɗe hannun ɓarawo a bayan tasha, abokinsa ya zo ta baya da gora, sai ka gane cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Abin da ke ba ni dariya, ko in ce haushi, shi ne cikin duk wannan musu da wuya ka ji an ambaci kokowa. Muna da ita a ƙofar gida, kyauta, amma da yake ba ta da fararen kaya da kalmomin Koriya sai muke mata kallon abin ƙauye. Tun 1975 da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, wace gasa ce ke tsayar da ƙasar nan cak kamar kokowa? Mu nan Diffa mun gani da idonmu, a ƙarshen 2022 zuwa ranar farko ta 2023, lokacin da aka yi gasar takobi a garinmu, Isaka Isaka na Doso ya sake ɗauka. Ɗan kokowa tun yana yaro yake karawa da wanda ke turjewa da dukan ƙarfinsa, ba mai miƙo hannu yana jira ba. A cikin yashi yake yi, irin wanda za a tare shi a kai. Ya san nauyin mutum, ya san yadda ake kafa ƙafa, ya san abin yi in an cakume shi, kuma yawancin rigimar unguwa da cakuma take farawa. In aka ce in zaɓi wanda zan jingina da shi a hayaniyar kasuwa, tsakanin mai baƙin bel na shekara biyu da yaron da ya tashi yana kokowa a dandalin ƙauyensu, wallahi ba sai na yi dogon tunani ba. Duk da haka kokowa ma wasa ce. Da an kayar da mutum an gama, makaɗa su ɗauka. Ba ta san naushi ba, ba ta san ƙarfe ba. Dambe ya san naushi, amma hannu ɗaya ake naɗewa, kuma ku tambayi tsofaffin ƴan dambe abin da ya bar musu a kai da haƙora.

Ga inda nake so mu tsaya mu yi wa kanmu gaskiya. Duk wannan musun na wane wasa ya fi, musu ne na garin da ke zaune lafiya. Me ke kashe mu a nan? Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015 da aka kai hari Boso da Diffa muke cikin wani hali. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan moto, aka taɓa cinikin tattasai da kifi waɗanda su ne abincin gidajenmu, aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, bukkokin ƴan gudun hijira suka jeru a gefen kwalta. A watan Yulin 2017, a Ngalewa, an yanka mutum tara aka tafi da 39, yawancinsu mata da ƴan mata. A watan Disamban 2020 an ƙone Tumur, aƙalla mutum 27 suka mutu. A nan kusa da mu, a Shetima Wangu, sansanin soja aka kai wa hari fiye da sau ɗaya, sojoji masu horo da bindigogi suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Manomin tattasai da ake ɗaukewa a gonarsa a bakin kogi don kuɗin fansa, mutane ne ke zuwa masa da bindiga cikin dare. A cikin waɗannan, wanne ne shuri zai hana? Wane bel ne, na wane launi?

Shi ya sa kalmar "kare kanka" ke tayar mini da hankali fiye da yadda masu talla ke zato. Kalma ce mai sauke nauyi daga kan wanda ya kamata ya ɗauka. Tsaron rai da dukiya aikin hukuma ne, don shi ake biyan haraji, don shi aka ce mu haƙura da moto da dokar hana fita. In aka saba wa matashi da jin cewa tsaronsa na cikin ƙwanjinsa, gobe in an yi masa fashi sai ya ga laifin kansa, maimakon ya tambayi dalilin da ya sa unguwarsu ke cikin duhu, ko dalilin da ya sa wanda aka kama jiya yake yawo yau. Daga "kare kanka" kuma zuwa "mu kare kanmu" taki ɗaya ne. Wanda ya san labarin ƴan pale na Damagaram, waɗanda Aisha Maki ta nuna a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, ya san yadda taron samari marasa aiki masu ɗaga ƙarfe ke zama hukumar kansa. Wanda ke bin labarin Zamfara ya san inda ƴan sa-kai suka kai rikicin can. Ƙarfin jiki ba tare da aikin yi ba, ba tare da doka ba, wuta ce a gefen rumbu.

Sai maganar ƴan mata, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don su ake fi yaudara. Ƙanwata, ki dubi kayan da ke jikinki in za ki lakwal ko kasuwa: zane, hijabi har gwiwa. Da su za ki harba ƙafa zuwa kan namiji? Kuma wanda ke cutar da yarinya sau da yawa ba baƙo ne da ya faɗo daga bishiya ba. Wanda ta sani ne, maƙwabci, saurayi, mai shago, wani lokaci wanda ake ce mata ta gaishe shi da ladabi. Abin da ke ɗaure ta ba rashin ƙarfin ƙafa ba ne, kunya ce da tsoron abin da za a ce. To akwai horon da aka gwada aka ga yana aiki, kuma bai yi kama da taikwando ba. A unguwannin talakawa na Nairobi, a Kenya, an koya wa ƴan matan sakandare wani darasi na zama shida, kowane zama awa biyu: yadda za ki gane take-taken mutum tun kafin ya matso, yadda za ki ce a'a da murya mai ƙarfi, yadda za ki yi ihu, ki yi wayo, ki gudu, sannan in ya zama dole ki doki inda ke da rauni kamar ido da maƙogwaro da gaba, ki tsere. Binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka yi darasin, masu cewa an ci zarafinsu sun ragu daga kashi 24.6 cikin ɗari zuwa 9.2. A Kanada ma, Charlene Senn da abokan aikinta sun gwada darasin awa 12 a kan ɗalibai mata 893 a jami'o'i uku, sakamakon ya fito a 2015: cikin shekara ɗaya, kashi 5.2 na waɗanda suka yi darasin aka yi wa fyaɗe, a ɗaya rukunin kuwa kashi 9.8. Awa 12, ba shekara uku ba. Babu bel, babu fararen kaya. Ana yi wa mata gori wai ƙarfinsu sai yawan magana, ashe muryar nan da ake rainawa tana cikin manyan makaman. Irin wannan darasi za a iya yin sa a aji ɗaya, da malama mace, cikin Hausa da Barbarci da Fillanci. Ƙungiyoyin agaji sun yi shekaru suna zirga-zirga a jihar nan da manyan motoci. Wannan ne ya kamata mu riƙa tambayarsu, mu da iyayenmu mata.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya cire ɗansa daga kulob. Ka bar shi, in ma da hali ka sa ƙanwarsa. Taikwando yana ba yaro abubuwan da ba a samu a fada: tashi da wuri, numfashi mai tsawo, girmama na gaba, saba wa jiki da duka har ya daina firgita, sanin tazara tsakaninka da mutum. Yana ba shi wurin zuwa da yamma a garin da aka rufe wa matasa ƙofofi da yawa. Yana iya kai shi Yamai, ya kai shi waje, kamar yadda ya kai Alfaga, kamar yadda ya kai Tekiyat Ben Yusuf ta wakilci Nijar a Olamfik na Tokiyo. In ma akwai wani abu a cikinsa da zai ceci ran yaro ranar tsiya, to huhun da ya gina ne, wanda zai ba shi damar yin gudun da ba a kamo shi. Wannan ya isa abin alfahari, ba sai an ƙara masa gishiri ba. Abin da ya kamata mu nema wa wasan a wurin magajin gari da masu kula da wasanni shi ne ɗaki mai shimfiɗa, da sulke, da kuɗin motar zuwa gasa, da malamai mata. Filin kokowar da ya karɓi baƙi daga jihohi takwas kuma ya zama wurin da yaran unguwa ke shiga kowane mako, ba sai shekarar da takobi ya zagayo ba.

Ku kuma metir, ƴan uwana, ku goge kalmar nan daga tallarku. Ku rubuta wasa, ku rubuta lafiya, ku rubuta tarbiyya, za mu taya ku yaɗawa a wannan shafi ba tare da ko dala ba. Ku riƙa faɗa wa ɗalibanku tun ranar farko cewa in an nuna musu makami su ba da wayar, su ba da kuɗin, su nemi hanya. Wanda kuma ya dage cewa shi yana koyar da ƙwace wuƙa, to ga gwaji mai sauƙi. Ya sa farar riga, mu kawo ɗan guntun kara mu shafa masa gawayi, mu ba wani yaro ɗan shekara 15 da bai taɓa shiga kulob ba, mu ce masa ya yi ta suka iyakar ƙarfinsa na daƙiƙa 20. In an gama sai mu ƙirga baƙaƙen tabon da ke jikin rigar a gaban ɗalibansa da iyayensu. Ya zaɓi rana da fili, gawayin da karan ni zan kawo.